Wa Ke da Bankin Fatake

Allurar 'yarsa Yakuba ya koma ɗaukowa. Ilham na da ciwon suga tun tana rarrafe, maganinta kuma ba ya son zafi. Bazara ce, wutar unguwarsu sai ta wuni ba ta leƙo ba, shi ya sa yake ajiye kwalaben a firijin biro, wurin aikinsa, tunda banki na da injin wutarsa. Ranar ya tashi aiki, sai da ya kai ƙofar gida ya tuna. Bai ko cire takalmi ba ya juya motonsa mai taya biyu. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Birni.

Shi ne shef, shugaban reshen Bankin Fatake a Damagaram. Mutumin Hamdara ne, ɗan manoman gero, lakwal, makarantar boko, ta ɗaga shi har ta ɗora shi kan kujera mai juyawa. Mabuɗan gidan duk suna aljihunsa. Mataimakinsa Rashid, yaron kirki mai yawan dariya, wanda ba ya kiransa sai da Yaya, ya sha ce masa ya kawo maganin gidansu a ajiye, su wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba. Yakuba ya ƙi. Ba ya son a san ciwon gidansa.

Ku bar ganin gilashi da fenti, gidan nan ya girmi duk wanda ke shiga cikinsa. Asalinsa na Kolo ne, wani attajirin Babarbare a Zango, tun zamanin da ayari ke tashi zuwa Turabulus. Fatake za su yi doguwar tafiya, sai su bar masa ajiya: fatu, gashin jimina, azurfar matansu. Ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, tsakanin duwatsu biyu. Ƙofar ba ta da sakata, amma ba a taɓa ɗaukar ko allura ba. Kowa ya san ba mutane ya sa tsaro ba.

Masu tsaron nan ba kyauta suke aiki ba. Suna tsare dukiya, su haɓaka ta, ladarsu kuma daga cikin 'ya'yan mai gida suke ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya miƙa gidan. Miƙawar ma da ƙa'idarta. Da almuru tsohon mai gida zai kama hannun sabon, ya sauka da shi, ya faɗi sunansa da na ubansa.

Jikan Kolo ya sauka da Baturen kamfanin gyaɗa. Bature na dariya, ya ɗauka wasan baƙar fata ne, ya mai da gidan wurin biyan manoma, har ya zama banki. Sai da aka fara aiko masa da labarin mutuwa daga ƙasarsu dariyar ta tsaya. Da aka sami mulkin kai ya ja hannun direktan da gwamnati ta naɗa, da kwat ɗinsa da komai. Direkta ya sha wuya, ya saki. Bankin ya durƙushe, ya yi shekaru a rufe, har 'yan kasuwar gari suka haɗa kai suka saye shi, Alhaji Suma'ila a gaba. Shi da idonsa buɗe ya sauka. Ya yi arzikin da har Kano ana zancensa, ya kuma binne 'ya'ya har maƙwabta suka gaji da zuwa gaisuwa.

Sai Alhaji ya faɗi ya mutu a Makka. Magada suka sayar da rabonsu a Yamai, a wani otal mai sanyi, ga wani kamfani na ƙetaren teku. Kamfanin ma wani kamfani ke da shi. Aka sake allon ƙofa, aka raba wa ma'aikata sabbin riguna. Ba wanda ya zo Damagaram, balle ya sauka ƙasa.

Matar marigayin, Hajiya Indo, ta tako da sandarta har biro ta gaya wa Yakuba wannan duka. Ta ce an sayar da gida ba a gabatar da mai shi ba, waɗancan na ƙasa kuma ba sa zama ba ubangida. Ta ce ya rufe wurin kafin rana ta yi ja, kuma kome ya ji kada ya amsa. Ya ba ta ruwan sanyi, ya raka ta har mota. Ta dube shi ta tagar ta ce, "Ɗana, ladabi gare ka. Shi nake ji maka tsoro."

To, ga shi da almuru a ƙofar banki.

Mai gadi ya tafi masallaci, ya bar kujerarsa da rediyo. Yakuba ya buɗe ƙofar gefe ya shiga. Injin na ruri a baya. Zauren ba kowa, sai warin fenti da na zufar mutanen da suka wuni a layi. Firijin na can ƙarshen wani lungu, daf da tsohuwar ƙofar ƙasa, inda yanzu ake jibge karyayyun kujeru.

Ya buɗe, ya ɗauki kwalaben, ya ƙulle su a leda.

Injin ya yi tari ya mutu.

Duhu bai gama rufewa ba, akwai ɗan jan haske ta wata 'yar taga a sama. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Daga nesa liman ya tada kabbara. Sai wani wari ya taso wanda ba na banki ba: jemammiyar fata, kanwa, fitsarin raƙumi, da turaren wuta irin na tsofaffin Barebari.

"Salamu alaikum."

Murya ce ƙasa-ƙasa, ta dattijo, mai natsuwa.

"Wa alaikumus salam," in ji Yakuba.

Bakinsa ya riga hankalinsa. Yaron da aka rena a Hamdara, wanda aka mara tun yana ƙarami don ya bar sallamar baƙo ta faɗi ƙasa, ta ina zai yi shiru? Sai da kalmar ta fita ya gane daga inda aka yi ta.

Ƙofar ƙasa a buɗe take. Mabuɗinta na aljihunsa.

Ya juya zai tafi. Ƙafafunsa suka ƙi. Ya ji takalmansa sun yi nauyi kamar ya taka laka. A cikin ramin ana jan fata a kan dutse. Wani ya gyara zama. Wani kuma. Suna da yawa.

"Mai gida muke nema."

"Ba ya nan."

"Mun sani. Suma'ila ya tafi bai sallame mu ba. Wa ya bar wa?"

Yakuba ya yi bayani, irin wanda yake wa manyan 'yan kasuwa. Ya ce gidan yanzu ba na mutum ɗaya ba ne. Ya ce kamfani ne, a wata ƙasa, mai masu hannun jari da ko shi bai san adadinsu ba, yau wannan ya saya gobe wancan ya sayar. Ya ce shi ɗan aiki ne, wata ya ƙare a biya shi. Suka saurare shi har ya gama, ba wanda ya katse shi.

"Kamfanin nan yana da 'ya'ya?"

"A'a."

"To ba mai gida ba ne."

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Bai kai tsakiya ba ya ji suna bin sa, a hankali, baki ɗaya, da karatu mai kyau. Ya kakare a wani wuri, suka gyara masa. Suka kai ƙarshe tare.

"Mu ma musulmi ne," in ji muryar. "Amana muke tsaro. Mun yi aiki, ba a sallame mu ba, ba a biya mu ba."

Muryar ta matso. Yanzu a bakin ƙofa take, daidai tsayin ƙugunsa, kamar mai maganar na tsaye a kan matakala.

"Mabuɗi na jikinka. Shef muke ji suna ce maka. Wannan ba suna ba ne. Wa sunanka, ɗan wa?"

Ya datse haƙoransa.

Hannu ya fito ya kama wuyan hannunsa, wanda ke riƙe da ledar. Busasshe ne, mai sanyi, yatsun sun zagaye har sun haɗu sun wuce. Kwalaben suka yi ƙara. Ya ji ana shinshinawa.

"Yarinya ce."

Wani daga can ƙasa ya maimaita. Yarinya ce. Wani ya karɓa. Maganar ta yi ta sauka har ta ɓace.

"In ba ka faɗa ba, sai mu raka ka gida. A can akwai wanda zai kira ka."

Sanyin ya hau gwiwar hannu. Ya hau kafaɗa.

Ya ga Ilham a kan tabarma, ta naɗe hannun riga tana jiransa. Ta iya naɗewa da kanta.

Aka ja shi. Ƙafarsa ta sauka matakala ɗaya.

"Suna."

Sanyin ya kai wuya.

"Rashid," in ji Yakuba.

Aka tsaya.

"Ɗan wa?"

Ya san sunan. Ya ci tuwon sunan ɗan Rashid, ya zauna kusa da kakan yaron a kan darduma ɗaya.

"Tahiru."

"Kai ka miƙa?"

"Ni na miƙa."

"Mun karɓa."

Hannun ya sake shi. Ya faɗi da baya a kan kujerun, ya miƙe, ya bi bango da lalube. Bai san yadda ya fita ba. Mai gadi na dawowa da buta ya tarar da shi durƙushe a kan yashi yana amai, ledar na ƙirjinsa. Injin ya tashi da kansa. Mai gadi ya leƙa lungun, ya ce ƙofar ƙasa a kulle take, har da yanar gizo a jikin kwaɗon.

Hannun hagun Yakuba bai ƙara jin zafi ba, ko a wuta ya sa shi. Ya nemi a mai da shi ƙaramin biron Takieta, ya ce hayaniyar gari ta ishe shi. Manya a Yamai ba su ja ba. Suka ba Rashid kujerar.

Reshen Damagaram ya tashi kamar an hura masa wuta. 'Yan kasuwar da suka gudu tun mutuwar Alhaji suka dawo da kansu. Masu bankin na ƙetare, waɗanda ba su san ta inda ake shiga garin ba, suka aiko wa Rashid da mota da yabo. Ya je har Takieta da rago a bayan motar, ya durƙusa, ya ce duk abin da ya zama Yaya ne sila.

Ilham ta yi ƙiba. Likita har mamaki yake.

Kafin kaka, ɗan Rashid, Abba, wanda ya fara tafiya yana bin kaji, ya daina cin abinci. Ba zazzaɓi, ba gudawa. Sai ya kwanta ya manna kunne da ƙasa, kamar ana masa hira. An kai shi asibiti, an kai shi Kano, an sha rubutu. Wata Laraba da hantsi aka binne shi.

Yakuba ya zo gaisuwa. Ya zauna kwana uku a ƙofar gida yana karɓar mutane, shi ke raba goro. Hajiya Indo ta zo da sandarta, ta shiga wajen mata, ta fito. Ta tsaya a kansa ta dubi hannun da ya ɓoye cikin riga, ta daɗe tana dubansa. Bai ɗago ba. Ta tofar da yawu gefe ta wuce.

Ita ta san abin da shi ma ya sani. Ba za su bar gidan Rashid ba sai Rashid ya sauka da kansa ya miƙa wa wani. Rashid kuwa bai san shi ne mai gida ba, mutum ɗaya ne a duniya zai iya gaya masa ya yarda. In ya ji, ba sai ya yi dogon tunanin sunan da zai faɗa ba. Ya san sunan Yakuba, ya san na ubansa.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, Rashid ya rako shi bakin hanya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya riƙe hannun Yakuba, mai sanyin, bai ma lura ba. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah bai manta da su ba, uwar Abba na da ciki, har ya fara motsi.

Yakuba ya dubi hanyar Takieta. Mota na tahowa.

"Allah ya raba lafiya," in ji shi, ya ɗaga wa motar hannu.