Ruwan Lagireto a Hanyar Kawo

Tsohuwar motar da nake ɗauko itace da ita daga Rigachikun tana da wani ciwo: da mun doshi Kawo da almuru, sai lagireto ya tafasa. Makanikai sun wanke shi, sun canza tiyo, duk a banza.

Ran nan ma haka. Na tsaya inda na saba, na kwance famfon ƙarƙashinsa, tafasasshen ruwa ya malale cikin ciyawa. Ko bisimilla ban yi ba.

Sai kwaɗi suka yi tsit.

"Sannu, direba," in ji wata mata a bayana. "Kullum kan shimfiɗarmu kake zubarwa."

Ta juyo mini da goyonta. Fatar jaririn ta saɓule, tururi na tashi, amma ba ya kuka.

"Baiwar Allah, ban sani ba."

"Ai ba komai. Na ji matarka Hansai ta sauka lafiya. Yanzu ake ɗora mata ruwan wankan jego, ko? Bari in je in kama musu."

Na yi ta juya hannun tayar da inji har tafin hannuna ya saɓe, mota ta ƙi tashi. Ita kuwa ta miƙi hanyar gidana da ke Unguwar Dosa, tana taka caɓi, babu sawu.