Kunnen Jannat

Khairiyya tana tsugune a tsakar gida tana wanke wa 'yarta Jannat hannu, sai ga surukarta Dada ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Har yanzu bebiyar taki ba ta buɗe baki ba?"

"Sannu da zuwa, Dada. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki! Shekara uku cif, yarinya ko ruwa ba ta iya cewa sai nuni da yatsa! Ɗan 'yata Bilkis sa'anta ne, jiya a gabana ya ƙirga ɗaya zuwa goma. Ke kuwa kin dasa ta gaban katun a talabijin kina latsa waya!"

Mijinta Nuruddeen ya fito daga ɗaki da sauri. "Dada, a yi haƙuri..."

"Rufe min baki! Ranar Juma'a zan aiko a ɗauke ta, ta dawo wurina Jekadafari. 'Ya'ya bakwai na rena, babu bebe ko ɗaya. Uwar kuma in ta ga dama ta kama hanyar gidansu!"

Tana fita Khairiyya ta juyo, idonta jawur.

"Abban Jannat, kana tsaye aka kira 'yarka bebiya!"

"To so kike in zagi uwata? Please, ki bar ni! Ai ke ma da laifinki."

Shekara biyar da aurensu, auren so tun suna ɗalibai, bai taɓa jifanta da magana irin wannan ba. Ta rungume 'yarta ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kwana biyu ba mai ce wa wani uffan.

Ranar Laraba da ta kai Jannat makarantar nazare a unguwar Hammadu Kafi, malamarsu Anti Jacinta ta ga kumburin idonta, ta ja ta gefe. Khairiyya ta kwashe komai ta faɗa mata.

"Maman Jannat, kowane yaro da saurinsa," in ji malamar. "Amma mai shekara biyu ya kamata ya haɗa kalma biyu, mai uku ya yi 'yar jimla. Jannat tana tsalle, tana zana da'ira, wajen jera kayan wasa ta fi kowa a ajin nan. Sai dai in na kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Ku kai a duba kunnenta."

Da ƙyar Nuruddeen ya yarda ya kai su asibiti, fuska a murtuke. Likita ya duba ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnuwanta biyu, shi ya sa magana ba ta isa gare ta sosai. Ƙaramin aiki za a yi mata. A mota Nuruddeen ya kifa kai a sitiyari.

"Na zalunce ki, Khairi. Ki yafe min."

Ranar Juma'a shi da kansa ya je ya durƙusa gaban Dada, ya miƙa takardar likita, ya ce cikin ladabi Jannat ba za ta rabu da uwarta ba.

"An shanye ka!" in ji Dada. "Fita min daga gida!"

Aka yi wa Jannat aikin lafiya, amma wata biyar Dada ba ta amsa gaisuwarsu. Duk da haka Khairiyya ba ta fasa zuwa gaishe ta ba, a gida kuwa kullum tana gaban Jannat, tana kiran sunan kofi da takalmi da kaza, tana yi mata waƙa.

Ran nan suka je, Dada tana dama fura ta juya musu baya. Jannat ta tako ta ja gefen zanenta.

"Dada, ba ni fura!"

Ludayin ya suɓuce. Tsohuwar ta ɗauki jikarta, ta ce, "Khairiyya, matso ki zauna nan kusa da ni. Bakina ya cuce ki."

Jinkirin yaro ba abin gori ba ne, abin bincike ne. Wanda ya haɗa haƙuri da neman sani, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.