Ƙunƙunin da ke ƙarƙashin kiɗan

A lokacin kullen korona, aka kwantar da Iro a wurin killace marasa lafiya, ya bar matarsa Hureira da jaririyarsu Hanan su kaɗai a benensu na unguwar Cheras. Shirun gidan ya ishe ta. Bayan magariba ta kunna tsohuwar kwamfutarsa, ta buɗe wasan da yake so tun yana yaro, don dai ta ji motsi. Kiɗan ya fito a bushe, kamar ana kaɗa gwangwani. Ta kira Iro a waya.

"Abban Hanan, me ya sami kiɗan nan? Da kamar sarewa yake."

Ya yi dariya har da tari. "Katin sautin kwamfutar na canza. Waƙar ɗaya ce, amma kowane kati da muryarsa."

"To, wannan kuma har da mutum a ciki. Wani namiji ne ke bin kiɗan da ƙunƙuni."

Dariyar ta tsaya. "Wannan katin ba ya fitar da muryar mutum. Kashe."

Ta fizge wayar wutar kwamfutar daga bango. Gwangwanin ya yi shiru, amma ƙunƙunin bai tsaya ba. A nitse ya ci gaba, yana matsowa daga wajen gadon jaririyar, har ta ji ɗumin numfashi a ƙeyarta, da warin ƙasa mai laima. Ta nemi addu'a, harshenta ya ƙi motsi.

"Maman Hanan," in ji Iro ta cikin wayar, "wane ne wannan a ɗakin?"