Injiniya Da Mai Bokiti

"Ba zan liƙe fitilar gargaɗin nan ba, Baba."

A tsakiyar garejin ta faɗa. Ba a taɓa jin wanda ya ce wa mai shi a'a ba, balle 'yarsa, wadda ya tura ta karanto lantarkin mota har kowa ke kiran ta Injiniya. Yana miƙa mata baƙin salatif, ita kuwa ta mai da hannuwanta baya.

Bas ɗin wata makarantar yara ce aka jawo, ta ƙi tashi. Batir lafiya, mai a cike, amma in an murɗa makulli ko tari ba ta yi. Da Injiniya ta jona na'urarta, sai ta tarar ƙwaƙwalen motar, wato ƙananan kwamfutocinta, duk sun yi gum: ta inji ba ta jin ta makulli, ta giya ba ta amsawa. Wayoyi biyu ne ke kai musu saƙon juna, kuma wani abu ya toshe hanyar. Ta dinga zare ƙwaƙwalen ɗaya bayan ɗaya. Tana zare ta birki sauran suka farka, bas ta tashi, sai dai fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban sitiyari.

"A bar ta a zare, a rufe fitilar," in ji mahaifinta. "Birki ai yana ci."

"A busasshiyar hanya yake ci, Baba. Ranar ruwa in aka taka da ƙarfi tayoyi za su ƙame, ta zame da 'ya'yan mutane."

"Ranka ya daɗe," wani ya ce a hankali daga bayanta, "ni ma ba zan ja ta a haka ba. Akwai wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ke zama a bayana, kullum tana riƙe min kwalar riga."

Ta waiga. Direban ne, dogo, rigarsa fes. Suka haɗa ido, gabanta ya faɗi, faɗuwar da ba ta tsoron Baba ba ce.

Babban makanikin garejin, wanda ya daɗe yana hangen Injiniya ita da garejin gaba ɗaya, ya miƙo hannu. "Kawo in yi, Oga. Boko ne ke ɗawainiya da ita."

Kafin ya ƙaraso ta zare makullin bas ta dunƙule.

"Ki ajiye wannan," in ji mahaifinta, "ko ki ajiye na garejina."

Ta ciro makullin garejin daga aljihu ta ɗora a kan teburin aiki.

Aka fitar da bas ɗin, a bakin titi ta ƙarasa aikin, cikin rana, direban na kare ta da kwali. Ta bi wayoyin nan biyu har ƙarƙashin kujerarsa. Tana buɗe soket ɗin da ke kai wa ƙwaƙwalwar birki ruwa ya ɗigo, haƙoran ciki sun yi kore shar.

"Wa ke wanke motar nan?"

"Ni. Kullum da bokiti nake kwarara mata ruwa har ciki. Yara ne, kin san su da ɓarin abin sha."

"To, Mai Bokiti, tsabtarka ce ta kwantar da ita."

"Likita, ki rufa min asiri!"

Ta yi dariya, idonta taf da ƙwalla. Ta sauya soket, fitila ta mutu da kanta. Amma da mai makarantar ya tambaye ta dalili, ba ta ɓoye ba. Aka dakatar da direban, makaniki kuma ya same shi ya ce ai a kansa ta juye laifi don ta wanke kanta. Saƙon direban ya shigo wayarta:

"Na tsaya miki a gaban mahaifinki, ke kin kayar da ni a gaban ogana. Na gode, Likita."

Ta amsa: "Na ce ruwanka ne ya shiga. Na kuma ce kai ne ka ƙi ɗaukar yara da fitila a liƙe. Ka je ka tambaye shi sauran rabin maganar."

Shiru. A gida ma shiru: ta durƙusa ta gai da Baba, ya bi ta gefenta ya wuce. Umma na kuka tana cewa ta je ta ce ta tuba. Haƙuri ta bayar har ta gaji, amma ta ƙi cewa ta yi kuskure. Ta rame. In ta ji motsin takalmin Baba a ƙofa sai ta hau tsoron ranar da zai ce ba shi ba ita. In hadari ya haɗu kuma sai ta hau tambayar kanta: shin ta ɗaure soket ɗin da kyau?

Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya wayarta ta yi ƙara. Saƙon direban ne. Ta buɗe.

"An mai da ni aiki, oga ya gaya min sauran rabin, kunya ta hana ni kiran ki. Yanzun nan wani mai babur ya gitta min a gangara. Na taka, birki ya yi ta karkarwa a ƙafata, motar ta tsaya cak ba ta karkace ba. Yarinyar ta yaga min kwala. Ki yafe min, Likitata. Na sayar da bokitin."

"Ka sayi tsumma," ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan wayar.

Da direban ya turo manyansa neman aurenta, Baba ya ce ba zai ba mutumin da ya raba shi da 'yarsa ba. Yayar Baba, wadda ita ta goye shi, ta zo ta same shi a falo.

"Kai ka tura ta karatun, sannan kana fushi don ta iya? Taurin kan nan a wajen wa ta gado shi, a wajen maƙwabta?"

Aka ɗaura aure. Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare gabanku da bayanku."

A hanyar gidansu suka wuce ta ƙofar garejin. Makanikin ne ke kulle shi, da makullin da ta ajiye.

"Kina da-na-sani, amaryata?"

"A'a, Mai Bokiti." Ta damƙe hannunsa. "Amma ka sani, ba a banza na same ka ba. A garejin nan na koyi tafiya, ni aka ce zan gaje shi. Ba zan ƙara riƙe sifana a cikinsa ba, kuma Baba ya yafe min, amma bai sake kira na Injiniya ba."