Hanya Mai Lamba Ɗaya

Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito aka gane ana sata a shagon intanet na Hafsa da ke Gummi. Ɗalibi zai kankare katinsa na duba sakamako sabo fil, ya shigar da lambar, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa, can ta ce an riga an cinye katin. Iyaye suka cika ƙofa. Kofur Giɗaɗo kuwa bai wahalar da kansa ba, ya damƙi Stanley, mai gyaran injinan shagon, don dai shi baƙo ne.

Ran Hafsa ya ɓaci ƙwarai. Ta tare ƙofa.

"Ba inda za shi. In kulle ne, haɗa da ni."

Ta buɗe shafin rauta, akwatin da ke fitar da saƙon shagon waje. Hanyoyi biyu Hafsa ta sani: dish na tauraron ɗan'adam mai lamba goma, da modem na layin waya mai ashirin. Ita rauta ba ruwanta da sanayya, mai ƙaramar lamba take bi, sai wannan ta mutu ta koma ta gaba. Yau ga wata ta uku, lambarta ɗaya.

Ta dubi Aisatu mai buga takardu. "Yaushe intanet ke sauri kwanan nan?"

"Lokacin salla kaɗai."

"Stanley, kana kashe wani abu lokacin?"

"A'a, madam. Ni ke tsare shago in kun fita."

Ta hango maƙwabcinta Bature mai cajin waya cikin 'yan kallo. "Kai fa, janaretanka?"

"Da an kira salla ni ka kashe shi. Mai ya yi tsada. Mi ya kawo wagga tambaya?"

"Kashe shi yanzu."

Ya tsaya inda-inda, Kofur ya je ya kashe da kansa. Nan take hanya mai lamba ɗaya ta ɓace, rauta ta koma dish. Suka ja akwatin, ga siririyar waya ta huda bango zuwa kwamfutar Bature.

"Ta wurinsa saƙonmu ke bi," in ji Hafsa. "Ya tsare lambar kati, ya sayar, sannan ya sake ta. Amma tsumulmular mai ba ta bar shi ba."

Kofur ya saki Stanley, ya ce ciki-ciki, "To, ba shi ba ne."

Hafsa ba ta matsa daga ƙofa ba. Ta nuna masa iyayen.

"Ba su ji ba, Kofur. Ɗaga murya."