Hoton Ƙirjin Marigayiya

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki ana gab da magariba, Dakta yana zaune gaban akwatin fitilar da yake duba hotunan ƙashi. Malamin jami'a ne, yana koyar da yadda na'ura ke leƙa cikin mutum ba a tsaga shi ba. Boko kam ya sha ta har wuya. Hankalin zaman duniya ne aka raba ba ya nan.

Shekara shida da rasuwar matarsa, daga shi sai 'yarsa tilo. Hoton ƙirjin marigayiyar, wanda a cikinsa aka gano ciwon da ya kashe ta, da shi yake koyarwa. Ya yanke kusurwar da ke ɗauke da sunanta, yadda ƙa'idar aikin ta ce, duk shekara ya ɗaga shi gaban aji: "Ku dubi inuwar nan a huhun hagu." Da yamma ya dawo da shi gida, ya kunna fitila, ya yi ta kallo. Ba mai leƙo gidan.

Kwana uku ana jifa, ba a ga mai jifan ba. A na huɗu yarinyar ta daina cin abinci, ta juya fuska bango. Ya kai ta na'ura, aka duba kanta ciki da bai, lafiya lau. Sai da ta fara ramewa ya yarda maƙwabcinsa tela ya kawo wani tsoho mai ruƙiyya.

Tsohon ya daɗe yana karatu. Rana na faɗuwa, yarinyar ta buɗe baki da muryar da ba tata ba.

"Tun uwarta na rarrafe nake tare da ita. Ko ɗankwali ba ta taɓa cirewa gaban baƙo ba. Shi kuma yana nuna wa ƙarti arba'in haƙarƙarinta."

"Ai na cire sunan," in ji Dakta.

"Ka ji shi. Ni da suna na gane ta?"

"Me kike so ki saki yarinya?" in ji tsohon.

"A ba ni hoton. Ni ma ban da kowa."

"Ba naki ba ne, ba nasa ba," in ji tsohon. "Gobe za a binne shi."

Dakta ya dubi hoton, ya dubi wuyan 'yarsa da ya koma kamar sillen kara. Ya gyaɗa kai.

"To a kunna min fitilar, in gan ta sau ɗaya," in ji muryar.

Ya kunna. Shi da 'yar suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallo, hawaye na bin kumatun yarinyar. Can ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikinsa.

"Baba, yunwa nake ji."

Ranar Litinin ya shiga aji hannu wofi. Ya ɗauki alli ya fara zana haƙarƙari a allo, ɗaya bayan ɗaya, da ka. Da ya iso huhun hagu sai ya bar shi fes, ba inuwa, ya tsaya bai juyo ba.