Duwatsun Tsohon Rumbu

Rana ta faɗi a Horo Birni kamar yadda ta saba faɗuwa idan damina ta yi nisa. Gero ya fitar da kai a bayan gidaje, awaki sun dawo suna kukan dusa, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida don babu iskar da za ta ɗauke shi. Salamatu, matar mai gidan, tana tuƙa tuwo. 'Yarta Dije da baƙuwarsu Nafisa suna zaune a tabarma ɗaya suna tsinke zogale, babu mai ce wa wata uffan. Ladan ya ɗaga murya da kiran sallar magariba ke nan sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙwaram!

Salamatu ta saki muciya ta kama salati. Amma duk gidan babu wanda ya kai Nafisa firgita. Ta dubi hannunta, ganyen zogale ne. Ta dubi na Dije, ganyen zogale ne. To, wa ya yi jifa?

Nafisa shekararta goma sha biyu. A Boɗinga take da iyayenta, amma duk dogon hutu nan ake kawo ta, gidan kawunta Mode, inda kakarta Inno take zaune. Ita da Dije taubasai ne, kuma ƙawaye tun suna rarrafe, duk da halinsu ya bambanta: Dije sanyi gare ta, Nafisa kuwa rawar kai kamar ɗan akuyar da aka kwance. A makonta na farko ta hau jakin Kawu Mode ba da izini ba, jakin ya zubar da ita a kwata, ya wuce gonar maƙwabci ya yi wa wake ɓarna. Kawu ya yi mata faɗa a ƙofar gida, gaban mutane, ya ce 'yan Boɗinga ba su iya komai ba sai ihu in sun ga kyankyaso, shi kuwa tun da aka haife shi bai san abin da ake kira tsoro ba.

Maganar nan ta tsaya wa Nafisa a wuya.

A bayan gidan akwai wani tsohon rumbu da ya rushe tun zamanin kakansu, ba abin da ya rage sai gindinsa. Inno ta hana yara zuwa wurin idan rana ta yi ja. A ƙarƙashinsa Nafisa ta ga wasu 'yan jajayen duwatsu, sumul, an jera su kamar da hannu. Ta lallashi Dije ta ɗebo su a bakin zane. Da magariba, Kawu Mode ya tsuguna yana alwala, Nafisa ta laɓe a bayan danga ta saki ɗaya a kan rufin ɗakinsa. Mutumin da bai san tsoro ba ya yi cilli da buta, ya faɗa ɗakin matarsa da takalmi ƙafa ɗaya. Yaran suka toshe baki da gyale, dariya har da hawaye. Washegari suka ji yana ba da labari a majalisa, wai ya ga aljanar da idonsa, doguwa ce fara, da kofato.

Suka sake a rana ta biyu. A rana ta uku ne abin ya ɓaci. Dutsen ya gangaro daga rufin ya faɗo gaban Inno, tana fitowa da ƙwaryar fura. Tsohuwa ta ja da baya a firgice, santsi ya kwashe ta, ƙafarta ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ƙarar da ta yi ba mai ƙarfi ba ce, amma Nafisa ta ji ta har cikin ƙashinta. Aka kira mai ɗori. Tun daga ranar Inno ba ta sake taka ƙasa ba.

"Mu faɗi gaskiya," in ji Dije tana kuka. "Inno ta fa."

"In kika faɗa, ni da ke har abada," in ji Nafisa. "Kuma ke kika ɗebo su."

Dije ta yi shiru, shirun da ya kai su har wannan maraice na tsinkar zogale.

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Ba daga gefe suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a tsaye, kamar wani yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Kawu Mode da maƙwabta biyu suka zagaya gidan da sanduna, ba su ga ko sawun kaza ba. Suna dawowa Dije ta miƙe. Zogalen da ke cinyarta ya zube, ba ta dube shi ba. Ta taka a hankali, taku irin na mai ciwon baya, ta nufi bayan gida, ta tsaya tana fuskantar tsohon rumbu. Uwarta ta kira sunanta sau uku. A na ukun ta waiwayo, idanunta a buɗe amma babu Dije a cikinsu, ta ce da wata murya ta tsohuwa, a dishe:

"Ku maido mani."

Sai ta faɗi.

Kwana uku gidan bai ga daidai ba. Da rana Dije tana kwance kamar tsumma, ba ta cin komai sai ruwan da ake ɗura mata. Da zarar inuwar danga ta kai bakin rijiya, sai jifa ya fara, muryar nan ta dawo da kalmominta biyu. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Inno tana kwance a ɗaki tana jan carbi, tana tambayar jikin jikarta.

Nafisa ba ta rabu da gefen tabarmar Dije ba. Sau da yawa ta buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro ta koma. Ta tuna idon Kawu, ta tuna abin da za a je a faɗa wa babanta a Boɗinga. A rana ta uku Salamatu ta dube ta, ta jawo ta jikinta ta ce, "Dubi yadda kika rame don 'yar'uwarki. Allah shi yi maki albarka, ɗiyata." Da mari ta yi mata, da ya fi sauƙi. Nafisa ta zame ta shiga makewayi, ta yi kuka ba sauti.

Bayan la'asar ɗin ranar Kawu Mode ya ɗauko Malam Abubakar Siddiƙ daga cikin garin Shagari a kan babur. Ɗan tsoho ne siriri mai makarantar allo, bai zo da komai ba sai carbi da butarsa. Ya gaida Inno daga bakin ƙofa, ya sa aka lulluɓe Dije da mayafi, uwarta ta riƙe kanta, shi kuma ya zauna a buzu nesa kaɗan. Ya yi bisimilla ya fara karatu, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba.

An daɗe ba a ji komai ba sai karatun. Awaki ma suka yi tsit. Can yatsun ƙafar Dije suka fara karkarwa, karkarwar ta hau har kafaɗa. Ta tashi zaune da ƙarfin da ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Maƙwabciya ta. Tun ba a haifi mai gidan ga ba nike nan gindin rumbu."

"Mi kike nema ga yarinya?"

"An kwashe mani duwatsun ƙofa," in ji muryar, tana rawa kamar mai shirin kuka. "Anka jefi tsohuwa da su, anka ce ni ta. Shekara sittin muna zaune da Inno, ko tsintsiyarta ban taɓa ba. Sannan Mode ya tai majalisa yana faɗin ya gan ni, wai da kofato. Mode, yaushe ka gan ni?"

Kawu Mode ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Wani maƙwabci da ke tsaye a zaure ya yi tari. Babu wanda ya yi dariya.

"In an zalunce ki, ba a ba ki izinin zalunci ba," in ji Malam. "Ki fita."

"A yanka mani baƙar akuya."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah. Ko kaza ba ki samu."

"To, a bar mani yarinyar har kaka."

Malam ya koma karatu. Jikin Dije ya sandare, muryar ta yi ƙara har Inno ta kama salati daga ɗaki.

"Na ji! Na ji! A maida mani duwatsuna, da hannun da ya jefa su. Kuma a wanke ni. Wagga da nika riƙe ɗauka kawai ta yi. Mai jifa tana nan zaune cikinku."

Malam bai waiwaya ba. Ya ce, "Ni ba ni karɓar shedar aljani a kan ɗan Adam, don suna ƙarya. In akwai mai magana, shi yi don Allah. In babu, mu ci gaba da karatu har ta gaji, ko da za a kwana uku."

Nafisa ta gane ƙofa ce aka bar mata a buɗe: in ta kame bakinta, babu mai tuhumarta, za a ce aljana ce ta yi ƙarya. Ta dubi Dije. Mayafin ya zame, ta ga leɓunanta sun bushe sun tsage, ta ga ƙashin wuyanta ya fito. Kwana uku yarinyar nan tana ɗauke da kayan da ba nata ba, kuma ko kafin aljana ta kama ta ba ta tona ba.

"Ni ce."

Maganar ta fito siririya, har Salamatu ta ce, "Mi kika ce?"

"Ni na yi jifa. Duk ukun. Ni na sa Inno ta faɗi. Dije ta ce mu faɗa, na hana ta."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ji hannun Salamatu, wanda ke dafe da kafaɗarta, ya janye a hankali. Ta jira mari, ta jira tsawar Kawu. Ko ɗaya bai zo ba. Kunnuwanta suka yi zafi kamar an kara musu garwashi, ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Kin ji," in ji Malam ga muryar. "An wanke ki. Duwatsu za su koma kafin rana ta faɗi. Ki yi alkawari ba ki dawowa, ba ki kuma taɓa kowa a gidan ga."

"Na yi. A gaida Inno da ƙafa."

Dije ta yi atishawa sau uku, ta yi laushi a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, nata ne. Ta ce ƙishirwa take ji.

Nafisa ta bi tsakar gida tana tsintar jajayen duwatsun ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suna kallo ta saman danga. Biyu sun maƙale a kan rufi. Kawu Mode ya kawo tsani ya kafa, ya riƙe mata shi ta hau ta sauko da su, bai yarda sun haɗa ido ba. Malam ya tsaya daga nesa yana addu'a har ta jera su a gindin rumbu. Da zai hau babur ya ce da Kawu, "Kada a buge ta. Abin da ta sha ya ishe ta." Ladan ya kira magariba, rufin gidan bai yi motsi ba.

Saura wuri ɗaya. Nafisa ta ɗumama ruwa a tukunya, ta zuba a kwano, ta ɗauki tsumma, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inno har ruwan ya fara hucewa. Ta yi sallama. Ba a amsa ba. Ta shiga ta durƙusa a gefen gado. Tsohuwar ta juya fuskarta ga bango.

"Inno, ki yafe mani."

Inno ta ja ƙwayar carbi ɗaya.

"Inno, in kin ce in koma Boɗinga gobe, zan koma."

Carbi ya ci gaba da tafiya a hannun Inno, ƙwaya bayan ƙwaya, har ya zagayo. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta janye zanen da ta rufa da shi, ta miƙo kumburarriyar ƙafar a hankali har ta sauka a cinyar Nafisa.

"Ki tai Boɗinga, wa za ya gasa mani?" ta ce. "Bi a hankali. Nan wajen idon sawu ya fi ciwo."